Darasi: Masu Cin Haidirojin a Laka, a Tumbi da a Ramin Gas

Duk wanda ya taɓa aikin shinkafa a fadamar Wurno ko a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo ya san wannan: idan ruwa ya daɗe kwance a gona, kana taka laka sai kumfa ta riƙa tasowa ɓul-ɓul ta tsakanin yatsun ƙafarka. Haka ma in ka caka sanda a gindin tafkin da kara da ganye suka ruɓe a ciki. Mafi yawan wannan iska ita ce masana kimiyya ke kira miten. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da kan biyo ta na wata iska ce dabam mai farar wuta a jikinta. Sai dai miten tana kama wuta. Ita ce kaso mafi girma a gas ɗin da ake haƙowa a Neja Delta ana tura shi ta bututu zuwa tashoshin lantarki, ko da yake ba ita ce ke cikin tukunyar gas ta girki da ake sayarwa a kasuwa ba.

A shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya motsa laka da sanda a gefen tafkin Maggiore, ya tara kumfar a kwalba, ya kusantar da wuta, ta kama. Kuna iya tara irin wannan iska tare da malaminku. A cika gora da ruwa, a kifa ta cikin tafki, a sa mazurari a bakinta, a motsa lakar da ke ƙasa. Iskar za ta hau ta kore ruwan. In za a gwada ta da wuta, babba ne zai yi, a fili, kaɗan-kaɗan, nesa da fuska da bukka da yara.

Masu yin wannan iska wasu halittu ne da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. In aka jera dubu daga cikinsu, da kyar su kai milimita ɗaya ko biyu. An daɗe ana lissafa su cikin bakteriya, har zuwa 1977 da Carl Woese da George Fox na Jami'ar Illinois ta Amurka suka duba ƙwayoyin gadonsu suka gano cewa wani reshe ne na halitta mai zaman kansa, wanda yanzu ake kira arkiya. Ba a san su da haddasa cuta ba. Suna zaune a laka, a tumbin saniya da akuya da raƙumi, a cikin gara, a ramin shadda, har ma a hanjin mutane da yawa. Abin da ya haɗa waɗannan wurare duka shi ne babu oksijin, wato iskar da mu muke shaƙa mu rayu. Su kuwa guba ce gare su.

Ragowar abinci

Ku ɗauki karan shinkafa da ya nutse a laka. Masu yin miten ba sa iya cinsa. Wasu bakteriya ne ke fara farfasa shi su mai da shi sukari, wasu su ci sukarin su fitar da sinadarai masu tsami da barasa. Rukuni na uku su ci waɗannan su bar abu uku: asitet, wanda shi ne tsamin da ke cikin binega, da iskar kabon irin wadda muke fitarwa da numfashi, da haidirojin. Sai a nan ne masu yin miten ke samun abin sawa a baki. A duniya baki ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na miten ɗin da halittu ke yi daga asitet yake fitowa, sauran daga haɗa haidirojin da iskar kabon. Wannan hanya ta biyu ita ce darasinmu, domin ita ce ke riƙe da dukan sarƙar.

An gane haka ne a 1967. Akwai wata ƙwaya da masana suka shekara da shekaru suna kiwo a ɗakin bincike, mai suna Methanobacillus omelianskii, wadda aka ɗauka tana cin barasa ta fitar da miten. Marvin Bryant da Ralph Wolfe da abokan aikinsu a Illinois suka rarrabe ta, sai ga shi ashe halittu biyu ne manne da juna. Ɗaya tana cin barasa ta fitar da haidirojin, ɗayar tana kwashe haidirojin ɗin ta yi miten. Da aka raba su, ta farkon ta kusa daina girma, domin haidirojin ɗin da take fitarwa na taruwa ya toshe mata aiki. Dokar ke nan da za ku sake gamuwa da ita sau uku kafin darasin ya ƙare: ruɓewa a wurin da babu iska ba ta ci gaba sai ana kwashe haidirojin yana fitowa.

Lissafin kansa gajere ne. Molekul, wato ƙullin ƙwayoyin zarra, guda 4 na haidirojin da guda 1 na iskar kabon suna ba da guda 1 na miten da guda 2 na ruwa:

4H₂ + CO₂ → CH₄ + 2H₂O

Ribar da ke ciki kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Kowace halitta tana adana ƙarfin da ta samu daga abinci a wani sinadari da ake kira ATP. Jikinku na samun ATP kusan 30 daga molekul ɗaya na sukari. Mai yin miten a laka, inda haidirojin ya yi ƙaranci matuƙa, ba ya samun ko da guda ɗaya cikakke daga kowane miten da ya fitar. Duk kayan aikin da za mu duba yanzu an tsara su ne don kada ɗigon wannan 'yar riba ya zube.

Wuƙar da ke raba haidirojin

Molekul ɗin haidirojin ƙwayoyin zarra biyu ne riƙe da juna da ilektiron biyu. Ilektiron shi ne ɗan ƙaramin abin nan da gudunsa cikin waya ke zama wutar lantarki. Ƙwayar halittar ba ta da buƙatar haidirojin don kansa. Ilektiron ɗin take nema. Amma riƙon yana da ƙarfi, a masana'anta sai da zafi mai tsanani ko ƙarafa masu tsada ake kwance shi. Halitta tana yin wannan aiki a ɗumin laka da taimakon inzayim, wato furotin da ke hanzarta sauyin sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Yawun bakinku na da nasa inzayim, shi ya sa tuwo ke yin zaƙi in kun daɗe kuna tauna shi.

Inzayim mai raba haidirojin sunansa haidirojines. Marjory Stephenson da Leonard Stickland ne suka ba shi wannan suna a Cambridge ta Ingila a 1931, kuma daga lakar kogi suka samo ƙwayoyin da suka fara aiki da su. A tsakiyar yawancin haidirojines na masu yin miten akwai ƙwayar zarra ɗaya ta nikel da ɗaya ta ƙarfe, gefe da gefe. Haidirojin na shiga ta wata 'yar kafa, ya zauna tsakaninsu, ya rabu. Daga nan ilektiron ɗin su bi wani jeri na dunƙulen ƙarfe da farar wuta da ke cikin furotin ɗin har su fito waje.

Yadda aka gano muhimmancin nikel abin lura ne. A Marburg ta Jamus, a 1979, ɗakin binciken Rudolf Thauer ya tabbatar da cewa waɗannan halittu ba sa girma sai da shi. Shekaru ana kiwonsu ba wanda ya zuba musu nikel, ashe suna samun ɗan abin da suke buƙata ne daga ƙarfen kayan aikin da ake kiwonsu a ciki. Sannan a 1990, a Marburg ɗin dai, aka gano wani haidirojines dabam mai ƙarfe zalla babu nikel, wanda ake kira Hmd. Wasu daga cikin masu yin miten na yawaita yin sa ne idan nikel ya yi musu ƙaranci.

Masu dakon ilektiron

Ilektiron ba ya yawo shi kaɗai a cikin ƙwayar halitta, sai an ɗauke shi daga inda aka ciro shi zuwa inda ake buƙatarsa. Haidirojin 4 na ba da ilektiron 8, kuma ana sauke su ne biyu-biyu a kan kabon ɗin nan guda, a matakai huɗu, har ya zama miten.

Biyun farko feredoksin ke kawo su, wani ƙaramin furotin mai dunƙulen ƙarfe da farar wuta. Su ne ke sa iskar kabon ta yarda ta maƙale a jikin wani sinadari mai riƙe ta. Biyu na biyu da biyu na uku F420 ke ɗauko su. Wannan sinadari dangin bitamin B2 ne, kuma yana da wata siffa da ta sauƙaƙa wa masu bincike aiki: in aka haska shi da haske mai tsawon zango nanomita 420, sai ya yi ƙyalli shuɗi-kore. Ɗigon ruwan tumbi ko na ramin gas a ƙarƙashin madubi mai irin wannan haske, za ka ga masu yin miten suna walƙiya a tsakiyar sauran ƙwayoyi da suka yi duhu. An fara bayyana F420 a 1972.

Bayan mataki na uku, kabon ɗin yana ɗauke da haidirojin uku. Sai a miƙa shi ga ko-inzayim M, wanda Barry McBride da Ralph Wolfe suka gano a 1971. A wajen wannan miƙawa ne ƙwayar ke cin ribarta. Inzayim mai miƙawar, wanda ke da kobal a jikinsa, yana zaune a fatar ƙwayar, kuma duk miƙawa ɗaya sai ya tura sodiyam waje, sinadarin nan na gishiri. Sodiyam ɗin in zai dawo ciki sai ta wata ƙofa da ke juyawa tana ƙera ATP.

Mataki na ƙarshe na wani inzayim ne da ake taƙaita sunansa MCR, mai nikel a cikin wani zobe rawaya da ake kira F430. Shi ke haɗa ko-inzayim M da wani abokinsa, ko-inzayim B, ya saki miten. Kusan duk miten ɗin da halittu ke yi a duniya ta hannun wannan inzayim yake fitowa. Bayan miten ya tafi, M da B na nan ɗaure da juna ta farar wutarsu, kuma sai an kwance su da ilektiron biyu kafin su sake aiki. Waɗannan su ne cikon takwas.

Jigo a cikin ƙwayar halitta

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Ilektiron daga sama yake gangarowa ƙasa, daga sinadari mai saurin sakinsa zuwa mai tsananin son karɓarsa. A ma'aunin da ake amfani da shi, haidirojin yana wajen milibolt −414, ɗaurin M da B yana can ƙasa wajen −140, don haka kwance shi gangara ce mai sauƙi. Amma feredoksin yana wajen −500, sama da haidirojin. Ta yaya halittar da ba ta da rarar ƙarfi za ta hau da ilektiron tudu tun a matakin farko?

Ku tuna jigon ban-ruwa a lambu. Guga cike da ruwa ba ya hawa da kansa, dunƙulen laka ko dutsen da aka ɗaure a ɗaya ƙarshen sandar ne ke sauka ya ɗaga shi. Haka wani haɗaɗɗen inzayim mai suna Mvh-Hdr ke yi. Yana karɓar ilektiron daga haidirojin, a tsakiyarsa akwai wani sinadari, shi ma dangin bitamin B2, da ke raba su gida biyu. Rabi ya gangara ya kwance M da B, nauyin wannan gangara ya cilla ɗaya rabin sama zuwa feredoksin. Da haka matakin ƙarshe ke biyan kuɗin matakin farko, aikin ya zama zagaye. Anne-Kristin Kaster da Thauer da abokansu suka nuna haka da gwaji a 2011. A ganina wannan shi ne abu mafi ban sha'awa a dukan darasin, kuma in wani abu ya shige muku duhu, wannan ne ya cancanci a sake karantawa.

Ba duka masu yin miten ke bin wannan hanya ba. Dangin Methanosarcina suna da wani mai dako a cikin fatarsu, mitanofenazin, wanda aka gano a Göttingen ta Jamus a 1998. Da shi suke samun ATP fiye da 'yan'uwansu daga kowane miten, amma sai haidirojin ya yi yawa suke iya aiki da shi. Inda ya yi ƙaranci, kamar a tumbi, masu jigo ne ke cin kasuwa.

Tumbi

Bokolo ko Rahaji da ke kiwo a dajin Rabah ba ita ke narkar da ciyawa ba, ƙwayoyin da ke tumbinta ne ke yi, ita kuma ta tsotse sinadarai masu tsamin da suka fitar. Haidirojin ɗin da ke fitowa kuwa dangin Methanobrevibacter ke kwashe shi, saniya ta fitar da miten ta gyatsa. In gyatsar ta toshe, kumburin cikin nan ne da makiyaya ke tsoro, wanda kan kashe dabba cikin sa'o'i. Tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin abincin dabba yana tafiya ne a iska ta wannan hanya. Busasshen kara da tsohuwar ciyawa sun fi jawo asarar. In aka haɗa da harawa da dusa da ƙulin auduga, wani ɓangare na haidirojin yakan bi wata hanya ya zama sinadarin da jikin dabba ke mayarwa sukari, nono da nama su ƙaru. A Turai an amince a 2022 da wani ƙarin abinci mai suna Bovaer, wanda ke shiga MCR ya gurgunta nikel ɗinsa, ya rage miten na shanun madara da kusan kashi 30 cikin 100. Sai dai kullum ake ba da shi a cikin abinci, abin da bai dace da garken da ke yini a daji ba.

Ramin gas

A nan so ake masu yin miten su yi aiki. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana aiki a kan samar da gas daga kashin dabbobi. Ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai-wa-daida, a zuba a rufaffen rami ko tanki. Kilo ɗaya na ba da gas kusan lita 40, wanda rabi zuwa kashi 70 cikin 100 nasa miten ne, kuma abin da ya rage taki ne mai kyau. Zafin ƙasarmu ya dace da su, domin sun fi aiki a wajen digiri 35. A hunturu gas yakan ragu.

Abin da ya fi kashe rami shi ne cika shi da abinci. Bakteriya masu yin tsami suna ninkuwa cikin sa'o'i, wasu masu yin miten kuwa, musamman masu cin asitet, sai sun yi kwanaki. In aka zuba ragowar tuwo ko ruwan gasara da yawa lokaci guda, haidirojin ya taru, masu cin tsamin su tsaya, tsami ya hauhawa, ya danne masu yin miten ɗin da ya kamata su kwashe haidirojin. Alamarsa gas ya ƙi kama wuta, ruwan da ke fita ya yi warin tsami. Maganinsa a dakatar da zuba abinci, a ƙara sabon kashin shanu ko ruwan wani rami mai lafiya, a jira. Kada kuma a bari sabulun wanki mai yawa ko kashin dabbar da ke shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga.

Ina roƙonku da babbar murya: kada kowa ya shiga ramin gas ko ramin shadda, ko da ya ga kamar babu komai a ciki. Babu iskar shaƙa a wurin, kuma miten in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska, tartsatsi ɗaya ya isa ya fashe.

Gonar shinkafa

Madatsar Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984 mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 942, ta sa noman rani ya yiwu a wurare da yawa na wannan kwari. Idan aka kwantar da ruwa a gona, miten ba ya fara fita nan take. Da farko oksijin ne ke ƙarewa. Sannan wasu bakteriya masu numfashi da tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa su riƙa wawure haidirojin, domin sun fi masu yin miten iya kama shi. Ku tona ku gani: ƙasar da ta fara da ja-ja tana komawa ruwan toka, amma a jikin saiwar shinkafa za ku tarar da jar tsatsa, domin shinkafa tana saukar da iska zuwa saiwarta ta wasu ƙofofi da ke cikin kara. Sai tsatsar ƙasa ta ƙare masu yin miten ke samun fili, kuma mafi yawan miten ɗin ta waɗannan ƙofofi na kara yake hawa sama.

Miten yana riƙe zafi a sararin sama kusan sau 28 fiye da iskar kabon in aka auna a shekara 100. Manomin Rima ba shi ya ɗumama duniya ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora masa laifin. Amma dabarar rage miten a gona ita ce kuma ke rage kuɗin man injin ban-ruwa, shi ya sa na kawo ta. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifins ta yaɗa tsarin jiƙawa da busarwa. Duk sanda ƙasa ta sha iska, inzayim ɗin masu yin miten su tsaya, ƙarfen ƙasa ya sake yin tsatsa, masu wawure haidirojin su dawo. Ana iya rage ruwa har kashi 30 cikin 100, miten ya ragu sosai, amfani bai ragu ba in an bi ƙa'ida. Tsarin na mai noman rani ne da ke da iko da ruwansa. A fadamar da ambaliya ke cikawa da damina ba ya yiwuwa. Ciyawa ma takan fi fitowa, sai an kula. Karan shinkafa kuwa, a juye shi cikin ƙasa fiye da wata guda kafin a sa ruwa, don ya fara ruɓewa da iska.

Aiki

Ku rabu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nemi manomin rani da zai ba da fangali biyu. A sami bututun roba mai tsawon santimita 30 da faɗin 10 zuwa 15, a huhhuda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a fangali ɗaya har rabin ya nutse, a kwashe lakar da ke ciki. Daga mako biyu bayan dashe, kada a ba wannan fangali ruwa sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa, sannan a cika shi zuwa santimita 5 a sama. Daga mako guda kafin shinkafa ta yi fure zuwa mako guda bayansa, a bar ruwa kwance. Ɗaya fangalin a ba shi ruwa yadda aka saba. Ku rubuta sau nawa aka ba kowanne ruwa, da launin ƙasarsa a zurfin taƙi guda, da yawan kumfar da ke tashi in an caka sanda, da mudu nawa kowanne ya bayar. Kowane ɗalibi kuma ya bayyana da bakinsa wa ya cinye haidirojin a fangali mai bututu, wa ya cinye shi a ɗayan.